Wane ƙarin abinci ya dace da dokin da ciwon cikin kofato ke yawan tasar masa?

Ɗan Barga:
Assalamu alaikum. Doki ne ɗan shekara 11, mai ƙiba, wuyansa ya yi tozon kitse. Sau biyu ke nan yana kamuwa da kumburin cikin kofato, wanda likitoci ke kira laminaitis: ƙafafun gaba su yi zafi, ya miƙe su gaba ya jingina nauyinsa a na baya. Abincinsa gero kwano ɗaya safe da yamma, da dusa, da harawa, da kanwa. An kawo min garin bayotin, wani nau'in bitamin, da wani dutsen lasa mai zaƙi. Wanne zan saya?

Likitan Turke:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye kuɗinka tukuna, domin abin da za ka cire daga abincinsa ya fi wanda za ka ƙara muhimmanci. A cikin kofato akwai wasu siraran ganyayyakin nama da ke manne ƙashin ƙafa da bangon kofaton. Idan doki ya ci hatsi ko abu mai suga, insulin ɗin jininsa, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, yakan hau, kuma a jikin doki mai tozon wuya hawan yana wuce kima ya daɗe bai sauka ba. Wannan ne ke sassauta mannin har ƙashin ya karkata ƙasa. Mafi yawan masu wannan ciwo ta nan yake zuwar musu. Saboda haka gero, dawa, masara, rake, da mangwaron da ya faɗo a gindin bishiya, duk a dakatar. Dutsen lasa mai zaƙin nan ma da ruwan rake aka haɗa shi, kada ya shiga bargar.

Sai awo. Ka sa igiyar awon tela ka zagaye ƙirjinsa daga bayan ƙafafun gaba, sannan ka auna tsawonsa daga kan kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Zagayen sau kansa, sau tsawon, a raba da 11,877, ka sami kilo. In ya fito 350, busasshiyar ciyawar da zai ci a yini kashi 1.5 cikin ɗari ce ta nauyinsa, wato kilo 5 da kwata. A auna da sikeli, ba da runguma ba, a raba gida huɗu ko biyar. A jiƙa ta cikin ruwan sanyi awa ɗaya, a tsane, a zubar da ruwan inda ba zai sha ba, domin sugan yana cikinsa. A zafinmu kada ta kwana a ruwa, tsami take yi. Kuma kada a ce za a hana shi abinci don ya rame da wuri: kitse kan cika masa jini ya taɓa hanta, wannan kuwa ya fi ciwon ƙafar haɗari.

To a nan ƙarin abincin ke shigowa. Jiƙon da ke wanke suga yana wanke wasu sinadaran, ga shi an rage yawan abinci. Abin nema shi ne garin ma'adinai da bitamin na dawaki, wanda ake ba da ɗan kaɗan, marar hatsi, marar ruwan rake. Ka juya bayan buhun. Inda aka rubuta sitaci da suga, ko haruffan NSC, jimlarsu kada ta wuce kashi 10 zuwa 12. Doki mai kilo 500 yana buƙatar zink miligiram 400 da kofa (copper, sinadarin jan ƙarfe) miligiram 100 a yini, naka ke nan wajen 280 da 70. Bitamin E kuma wajen IU 1 (ma'aunin bitamin) ga kowane kilo na nauyinsa, tunda busasshiyar ciyawa ba ta riƙe shi. Wanda aka cika wa sinadarin ƙarfe ka bar shi a shago, doki ba ya rasa shi a ciyawa da ƙasa, yawansa ma matsala ne.

Mai Gyaran Kofato:
Likita ya gama magana, sai dai batun bayotin ɗin da aka tambaya. Ba ya hana ciwon dawowa ko kaɗan. Aikinsa inganta sabon kofaton da ke fitowa daga sama, miligiram 15 zuwa 20 a yini ga babban doki. Kofato kuwa ba ya wuce santimita ɗaya a wata, kafin ya sauya gaba ɗaya sai an yi wata tara zuwa shekara. Wanda ya ba da shi sati uku ya ce bai ga komai ba, kuɗinsa kawai ya zubar.

Abin da za ka riƙa dubawa kullum da safe: ka ɗora yatsu biyu a bayan idon sawunsa, gefe-gefe. Bugun jini a can da ƙyar ake jinsa ga lafiyayyen doki. In ka ji yana harbin yatsanka, ga kofato da ɗumi, a tsayar da shi kan yashi mai laushi, a sa ƙafar a ruwan ƙanƙara, a kira likita. Kada a ja shi yawo wai don jini ya gudana. Yankan kofato duk sati huɗu zuwa shida, a rage tsinin gaba.

Hajiyar Kiwo:
Ɗana, gargaɗi ɗaya mai nauyi. Kada wani ya ce maka garin haɗin abincin kaji ko na shanu ya fi araha. Wasunsu suna da wani magani mai suna monensin, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ke lalata zuciyar doki ya kashe shi. Haka kada ka haɗa gari biyu ko uku lokaci guda: seleniyam miligiram 1 a yini ya ishe shi, in ya taru sai gashin wutsiya ya zube, kofato ya tsage har ya kwaɓe.

Dusa kuma ban yarda a bar ta da yawa ba. Akwai ragowar sitaci a cikinta, kuma fosfaras ɗinta ya rinjayi kalsiyam. Tafin hannu ɗaya da ruwa, don garin ya manne ya ci, ya wadatar. Harawa ce ke cike gurbin kalsiyam da furotin, amma ita ma tana ƙara ƙiba, kada ta wuce kilo ɗaya cikin biyar ɗin nan. Kanwa ba ta maye gurbin zink da kofa. Gishirin girki cokali ɗaya zuwa biyu a yini, da ruwa a gabansa koyaushe.

Ɗan Barga:
Allah ya saka da alheri. To hawan sallah fa? In aka cire gero ba zai zube ba?

Likitan Turke:
Zai rage tumbi da tozon wuyan, abin da ake so ke nan. Duk allurar da aka ce tana kitsa doki kafin sallah, musamman dangin deksametazon, a nisanta shi da ita, tana iya tayar da ciwon. Farkon damina kuma kada a sake shi kan sabon tsiro. Tunda ya haura shekara goma, in ka ga gashinsa ya yi tsawo ya ƙi zuba, ko yana yawan shan ruwa da fitsari, ka nemi a gwada jininsa don insulin da ACTH (sinadarin da hawansa ke nuna wata cutar tsofaffin dawaki mai tayar da wannan ciwo), a kuma ɗauki hoton ƙafar. Ka tambaya a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Hawa kuwa sai hoton ya nuna ƙashin ya tsaya, kuma yana taka ƙasa mai tauri ba ɗingishi, ba tare da maganin kashe zafi a jikinsa ba.