Sauti mai kewaye kai a abin kunne: shawarwarin masu Linux a Gusau

Matasan Gusau masu gyaran sauti sun tattauna yadda abin kunne mai lasifika biyu zai riƙa jiyar da mutum kamar sauti na fitowa daga gabansa, bayansa da gefensa a Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Bakinsu ya zo ɗaya a kan PipeWire, tsarin da ke sarrafa sauti a Linux, wanda Fedora ta koma kansa a 2021, Ubuntu kuma a 2022 (dukansu nau'o'in Linux ne).

Dabarar ita ce a ƙirƙiri na'urar sauti ta gaibu (ta cikin manhaja kawai) mai tashoshi 7.1 (bakwai na kewaye da ɗaya na sauti mai kauri), a bi da kowace tasha ta ma'aunin HRTF, wato yadda kai da kunnen mutum ke sauya sauti kafin ya shiga ciki. Ma'aunin yana zuwa ne a cikin fayil: wasu sun fi son fayiloli nau'in HeSuVi masu tashoshi 14, wasu kuma nau'in SOFA. Kunne ya bambanta da kunne, saboda haka a gwada da yawa kafin a tsaya kan guda.

An ja kunne sosai: idan wasan kwamfuta yana da nasa HRTF, a kashe ɗaya, ko nasa ko na PipeWire, in ba haka ba sautin ya cakuɗe. Waƙar sitiriyo kuwa, a ganina, gara a bar ta yadda take.