Ruwan khal daga 'ya'yan itatuwan daji: me ke sa shi yin fumfuna?

Uwar_Gida:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani, idan an jiƙa 'ya'yan itacen daji don yin ruwan khal, me ke kawo fumfuna a samansa kafin ya yi tsami?

Manomi22:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Yawanci 'ya'yan da suka taso sama ne ke shan iska, sai su yi fumfuna. Ki riƙa juyawa da cokalin katako kullum. Kilo 1 na 'ya'yan da aka murje, ruwa lita 1, sukari giram 100, a tulun gilashi. Ruwan famfo a tafasa ya huce, don kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, na raunana yis ɗin da ke jikin 'ya'yan, wanda ke sa su kumfa. Bayan kwana 7 zuwa 10, idan kumfa ta kwanta, ki tace.

Mai_Bincike:
Ƙari a kan na Malam: bayan tacewa kada a rufe da murfi. Ƙwayoyin da ke mayar da shi khal iska suke buƙata, sai a ɗaure bakin da ƙyalle mai tsafta saboda ƙananan ƙudaje. Zuba tsohon khal wanda ba a dafa ba, kashi 1 cikin 5, yana hana fumfuna. Mako 4 zuwa 6 a wuri mai ɗumi. Farar yanar da ke tasowa a sama mai santsi kamar kitse ba matsala ba ne. Amma mai gashi-gashi, kore ko baƙi, a zubar da duka. Kada a sa a tukunyar ƙarfe, tsamin na cin ta.

Manomi22:
Kuma kada a tsinko ɗan itacen da ba a tabbatar ana cinsa ba.