Sabuwa a kwali ko ta hannu: wacce ta fi cancantar kuɗin Auta?

Auta: Assalamu alaikum. Kawu, Gwaggo, Yaya Babba, ina wuninku. Kuɗin kwamfutar karatu da kuka haɗa mini sun cika, Allah ya saka da alheri. Na zaga shagunan Titin Beirut a Kano, abu biyu ne kuɗin za su iya saya. Akwai sabuwar laftof a kwalinta, mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Celeron N4020 da RAM (wurin riƙe aikin da ake kan yi) giga 4 da ma'ajiya giga 64. Akwai kuma ta hannu, ThinkPad T480 ko HP EliteBook 840 G5, mai furosesa Core i5 da RAM giga 8 da SSD (ma'ajiya mai sauri) giga 256. Farashin kusan ɗaya ne. Wacce zan ɗauka?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Ni dai maganata ɗaya ce, sabuwa ko mai ƙaramin ƙarfi ce ta fi ta hannu. Tana da garantin shekara guda, batirinta sabo ne, ba wanda ya taɓa kwance ta. Waccan T480 ɗin tun 2018 ta fito. Wa ya san hannu nawa ta ratsa kafin ta iso Kano? Kuɗin nan da guminmu muka tara su, ba zan so a zuba su kan abin da wani ya gama mora ba.

Gwaggo: Ina bayan yayanku. Na taɓa sayen ta hannu don lissafin shagona, ba a jima ba ta ɗauke ɗif. Da na mayar, mai shagon ya ce ai ciniki ya faɗa tun ranar da na fita da ita. Araha ba ta ado, 'yata.

Injiniya: Gwaggo, Allah ya mayar da alheri, irin wannan yana faruwa kuma yana da ciwo. Amma Yaya, ka yi haƙuri, a nan ban yarda da kai ba, domin kullum irin waɗannan sababbin ake kawo mini gyara, kuma yawanci ba lalacewa suka yi ba, mai su ne ya gaji da jira. Celeron N4020 kai biyu gare shi, wato sassa biyu masu sarrafa aiki. Core i5-8250U da ke cikin T480 da yawa kai huɗu ne, kuma kowane kai yana ɗaukar layin aiki biyu. Giga 4 da giga 64 ɗin nan kuwa su ne mafi ƙarancin abin da Microsoft ta gindaya kafin Windows 11 ta hau kwamfuta. Wato tun ranar da aka ɓare ledarta tana bakin iyakarta. Windows kaɗai za ta cinye kaso mai tsoka na giga 64, ga sabuntawa da ke saukowa kowane wata. Auta ta buɗe Chrome da shafuka kaɗan, ta buɗe Word, malami ya kira aji ta Zoom, sai komai ya tsaya cak.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin masu wannan farashin an like RAM ɗinsu a jikin allon da ke cikin kwamfutar, ma'ajiyar kuma eMMC ce, wadda ba ta kai SSD sauri ba, ita ma a like. Ba a ƙarawa, ba a canzawa. T480 da 840 G5 kuwa kowacce ramin RAM biyu gare ta. Yau giga 8, baɗi in kuɗi sun samu a mayar da ita 16, SSD ya cika a cire a sa babba. Don ma'aikatan kamfanoni aka ƙera su, shi ya sa ake kwance su da sauƙi, kayan gyaransu kuma birjik a Kano.

Yaya Babba: Injiniya, ƙarfi ka yi ta lissafawa, ka manta da wuta. A hostel za ta zauna. Celeron ɗin da kake rainawa wat 6 na wuta aka tsara masa, i5 ɗinka wat 15. Ga sabon batir a wannan, ga batirin da ya sha shekaru a waccan. Idan aka ɗauke wuta daren jarrabawa, wacce za ta kai ta asuba?

Anti Malama: Wannan tambayar ta yi ma'ana ƙwarai. Ɗalibaina da yawa masu ta hannu, da an zare caja sai ta mutu, sun koma neman soket a kowane aji.

Injiniya: Gaskiya ne, a batir sabuwa ta yi gaba, ban musa ba. Sai dai batir abin canzawa ne, furosesa kuwa da shi za ta zauna har ta rabu da kwamfutar. Kuma ba sai an yi canki-canka ba. A shagon, kafin a biya, a buɗe Command Prompt, wurin rubuta umarni a Windows, a rubuta powercfg /batteryreport. Zai fito da ƙarfin da batirin ya zo da shi daga kamfani da wanda ya rage masa yanzu. Idan ya zube da yawa, a nemi ragi daidai kuɗin sabon batir ko a bar ta. T480 ma batir biyu take ɗauka, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da ake zarewa da hannu, har akwai babba mai 72Wh.

Kawu: 'Ya'yana, ni a ofis kwamfutar tebur muka yi aiki da ita shekara da shekaru ba ta ba mu matsala ba. Na ji an ce irin Dell OptiPlex ta hannu ta fi laftof araha. Me ya hana a duba ta?

Anti Malama: Kawu, Allah ya ƙara girma, a ƙarfi da araha kam ta fi. Amma ba ta da batir ko kaɗan, ana ɗauke wuta aikin da ba a adana ba ya tafi. Sai an haɗa da sikirin da kibod da UPS mai riƙe wuta in an ɗauke, kuma ba za ta iya ɗaukar ta zuwa laburare ba. Da shagon buga takardu za a buɗe mata, da ita zan ce.

Kawu: To, na fahimta. Ku ci gaba.

Gwaggo: Injiniya, kai sana'arka ce, kana kallo ka gane. Yarinyar nan fa? Ni ma da na saya, fes take a ido.

Injiniya: Nan ne haɗarin yake, Gwaggo, shi ya sa ba kowace ta hannu nake yabo ba. Akwai wadda ni ma zan ce gara sabuwar Yaya. Masu shago suna nuna wa mutum tambarin i7 ya ruɗe, alhali jenareshan, wato zubin da furosesan ya fito a ciki, shi ne abin dubawa. A duba lambar da ke bayan i5 ko i7: in ta fara da 6, kamar i7-6600U, jenareshan na 6 ne, kuma wannan i7 ɗin kai biyu ne kacal, i5 na jenareshan na 8 ya fi shi aiki. Dalili na biyu ya fi wannan girma. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance daga jenareshan na 8 na Intel take farawa, tare da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta. Don haka EliteBook 840 G3 da ake ta tallatawa da araha, ta jenareshan na 6, tana wajen layi. Ana tura mata Windows 11 ta ɓarauniyar hanya, amma ba tabbacin za ta ci gaba da samun sabuntawa.

Sauran kuma abin ido ne da hannu. A shiga BIOS, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, a tabbatar ba a kulle shi da lambar sirri ba, domin wasu daga kamfanoni suke fitowa a kulle. A danna kowane maɓalli. A sa farin shafi a sikirin a nemi tabo ko layi. A gwada kyamara da lasifika da kowane rami na USB. A duba ko ƙasanta ya kumbura, alamar batir ya tashi ke nan. A bar ta tana aiki na ɗan lokaci a ji ko fanka na ihu. Cajar ma a tabbatar ta asali ce, jabun caja na kashe allon ciki.

Yaya Babba: Ka ga abin da nake faɗa. Duk wannan binciken sai an yi shi kafin a tsira, sabuwa kuwa kwali kawai za a buɗe. In ta samu matsala kamfani ne zai ɗauka.

Anti Malama: Yaya, garantin ma a tambaya da kyau. Sai an saya wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi, da rasit mai lambar kwamfutar, kafin ya yi amfani. Kuma garanti ba ya biyan wanda kwamfutarsa ba ta da sauri, tunda ba lalacewa ta yi ba. Ni a ganina a tambayi mai abin. Auta, wane aiki za ki riƙa yi da ita?

Auta: Anti, tattalin arziki nake karanta. Yanzu Word da Excel ne da karatun PDF, amma 'yan aji huɗu sun ce a furojet sai da manhajar nazarin alƙaluma, SPSS ko Stata. Kuma ina son ta kai ni ƙarshen karatu.

Anti Malama: To ni na koma wajen Injiniya. Da rubutu da kallo ne kawai, da sabuwar ta wadatar. Giga 4 da ba a iya ƙarawa ba za ta kai ta aji huɗu cikin daɗin rai ba.

Yaya Babba: Har yanzu raina bai kwanta da ta hannu ba. Da so samu ne a ƙara haƙuri a tara kuɗin sabuwa mai Core i3 ko Ryzen 3 da giga 8 da SSD, a huta da gardama. Amma karatu ya riga ya fara. In ta hannun za a saya, ga sharuɗɗana: Injiniya, ƙafarka ƙafarta, kai za ka duba da kanka. Mai shago ya rubuta a rasit cewa in ta ba da matsala cikin wata guda zai canza ko ya mayar da kuɗi. In ya ƙi rubutawa, ku fito.

Gwaggo: A sa lambar jikin kwamfutar a rasit ɗin, kada a dawo ya ce ba tasa ba ce. Ni dai da sabuwar aka saya da na fi samun barci.

Injiniya: Na karɓa, Yaya. Wasu masu shagon sati ɗaya ko biyu suke bayarwa, zan nemi mai yarda da wata guda ko da zai ɗan ƙara kuɗi. Auta, kada ki kashe kuɗin duka a kan kwamfutar, ki ware na batir a gefe har mu ga abin da rahoton zai nuna. Ranar Asabar bayan azahar ki same ni a shago, ki taho da filas ɗinki da wani babban fayil na Excel mu gwada ta da shi.