Guzurin mai gudun alkama da madara

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a shirya guzuri tun daga gida: soyayyar gyaɗa, dabino, aya, dafaffen ƙwai, da garin kunun gero. Gero, dawa, shinkafa, masara da acca duk ba su da gulutin, wato sinadarin da ke cikin alkama wanda wasu ke gudu.

Matsalar tana tasha. Ɗanwake ana yawan haɗa shi da fulawa, ƙosai kuma wani lokaci a man da aka soya fanke ake tsoma shi, sai a tambaya. Man shanu ma daga nono yake, mutane na mantawa. A karanta bayan kwalin dunƙulen miya, wasu akwai alkama a ciki.

In za a kwana a daji, dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje ba ƙanƙara.