Wane binciken masana ne ya taɓa shigowa gidanku?

Malamar lakkol, Tawa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena yana Jami'ar Djibo Hamani, yana bincike kan ajiyar albasa. Kawunmu ya ce masa duk wannan wahala a kabad za ta ƙare. Ni ban yarda ba, amma ina son ji daga bakinku. Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ban da jita-jita.

Mai sayar da wake, Yamai: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ce wa kawu ya zo shagona ya ga buhun PICS. A da, wake bai cika wata uku sai ƙwari sun huda shi, ki buɗe buhu ki tarar da gari. Dole muke zuba magani, kullum gabana yana faɗuwa, don abinci ne mutane za su kai bakinsu. Wannan buhu leda biyu ce masu kauri a ciki, da saƙaƙƙen buhu a waje. Ki zuba wake busasshe, ki matse iska, ki murɗe bakin kowace leda ki ɗaure ta daban. Ƙwaro ya rasa iska, ya mutu, ba ko ɗigon magani. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka yi aikin, tare da namu na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, reshen Maradi. Yanzu ina saye da kaka, in sayar da bazara farashi ya tashi, waken nan sumul. Sai dai a kiyaye ɓera. Leda in ta huje, aikin ya lalace.

Manomi, Badagishiri: Hajiya ta faɗi gaskiya. Amma a riƙa ba manomi haƙƙinsa. Tassa da muke haƙawa a fako ba daga jami'a ta fito ba, manoman yankin Illela ne suka gano ta wajen ƴan uwansu na Yatenga a Burkina Faso. Rami ne kaɗan, a sa taki, ruwan sama ya taru, hatsi ya tsaya inda ko ciyawa ba ta fita. Masana sun zo daga baya suka auna amfanin gona da tassa da wadda babu, suka rubuta, shi ya sa aka yarda aka kai ta wasu jihohi. Nasu aikin ke nan, kuma ban raina shi ba.

Ma'aikaciyar jinya, Yamai: Baba, Allah ya ƙara girma. Ni sankarau zan ambata. Duk wanda ya yi aikin likita kafin 2010 ya san yadda lokacin zafi yake: yara kwance har a ƙarƙashin itace, wuya ya sandare, wanda ya tashi ma wani kurma ne. A shekarar aka fara rigakafin MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso, nau'in A da ya fi kashe mutane ya ja baya ƙwarai. Cutar ba ta ƙare ba, akwai wasu nau'o'in, shi ya sa har yanzu ake ɗibar ruwan ƙashin baya ana kai wa CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, a gane wane iri ne ke yawo.

Ɗalibin tarihi, Jami'ar Abdou Moumouni: Kada a manta da tarihi. Ni Ba'adare ne, amma labarin sarautar Adar gutsi-gutsi na ji shi a bakin tsofaffi, sai da na karanta binciken Farfesa Djibo Hamani sannan ya haɗu mini. A IRSH kuma, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta jami'armu, na ga rubuce-rubucen hannu na larabci da ajami da aka tattaro daga gidajen malamai, wasu gara ta ci gefensu.

Shugabar ƙungiyar mata, Keita: Ɗiyata Malama, ni kuka na kawo. An sha zuwa garinmu da takardu, a tara mu ƙarƙashin rumfa tun hantsi, a tambaye mu abin da muke ci, da nisan rijiya, da yaran da muka rasa. Mu bar daka mu amsa tsakani da Allah. Su shiga mota, shi ke nan, ko saƙo. In an gano wani abu, da faransanci aka rubuta, mu kuwa ba mu yi lakkol ba. Ki gaya wa ƙanenki, in ya gama, ya koma wajen masu albasar da ya yi wa tambayoyi, ya zauna a rudunsu, wato rumbun ajiyar albasa, ya faɗa musu da Hausa abin da ke sa ta ruɓa. In tafiya ta yi masa wuya, gidan rediyon gari yana nan.