Kundin hotunan Hajiyarmu ya maƙale a tsohuwar kwamfuta, ku ba ni shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan rasuwar Hajiyarmu na kwaso hotunan da ke cikin adakarta, har da na ranar da ta sauka daga Hajji tana murmushi da haƙorin Makka, da wasiƙun ajami da Baba ya riƙa aiko mata yana fatauci. Wata takwas ina jera su shafi-shafi a wata manhajar haɗa kundin hotuna da ƙanena ya saya mini daga wani ƙaramin kamfani na ƙasar waje. Ƙarƙashin kowane hoto na rubuta sunan mai shi da dangantakarmu, Gwaggo ce ta faɗa mini, ita ma Allah ya yi mata rasuwa. Shafi 140 ne. Yanzu kwamfutar sai ta ga dama take tashi. Na sa manhajar a sabuwa, ta ce sai ta tabbatar da lasisi, shafin kamfanin kuma ya ɓace. Wallahi ko barci ba na iyawa.

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansu. Hajiya, irin waɗannan kamfanoni haka suke ƙarewa. Manhajar hotuna ta Picasa, kamfanin Lifescape ne ya fitar da ita a 2002, Google ya saye ta a 2004, a 2016 ya daina kula da ita. Kamfanin Serif na garin Nottingham a Ingila, wanda aka kafa a 1987, yana da CraftArtist ta irin wannan aikin naki, ya ajiye ta ya koma kan manhajojin zane na Affinity, a 2024 kuma kamfanin Canva ya saye shi. Sau ɗaya ake sayen manhajar, alhali albashin ma'aikata kowane wata ne, ga waya ta zo da na kyauta. Yau ɗin nan ki kunna tsohuwar, ki fitar da kowane shafi a JPEG ko PDF.

Ummu Hanif: Ni dai ki kai wa mai gyara ya cire miki hadis ɗin, wato ma'ajiyar bayanan kwamfutar, ya kwafe komai.

Abban Sadik: Zai kwafe, amma me zai buɗe fayil ɗin? Manhajar ce kaɗai ta san tsarinsa. Kada kwamfutar nan ta bar ɗakinki.

Anti Bilki: Masu gyara! Na kai tawa a canja allo, yaron ya goge komai, hotunan sunan 'yata na fari suka tafi, har yana cewa taimakona ya yi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ki wanke su a takarda kawai.

Ummu Hanif: Takarda? Namu gara ce ta cinye su a damina ɗaya.

Maman Ilham: Na gode. Amma Malam, in na mayar PDF ba zan iya gyara rubutun ba, kuma akwai shafi kusan 20 na dangin Baba da ban gama ba. Lokacin da na zaɓi manhajar nan babu kamarta, kowa ya gani sai ya yaba.

Abban Sadik: Ki fitar da 120 ɗin tukuna. Ina hotunan asali?

Maman Ilham: Na raba wa 'yan uwa ranar addu'ar arba'in, haƙƙinsu ne. Ni so nake manhajar ta buɗe a sabuwar kwamfuta yadda take. Babu wanda ya san hanyar lasisin nan?

Anti Bilki: Ki dai yi hankali da masu gyara.