Wai kodin leburanci ne?

Mai Fensir: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau sai na amayar da abin da ke raina. Na zana 'yan dambe biyu da kowane motsi nasu, tun daga ɗaurin hannu har faɗuwa, na zana makaɗa da 'yan kallo. Na ba wani mai kodin, wato mai rubuta wa kwamfuta umarni, ya haɗa mini su zama gem, wasan kwamfuta, ya karɓi kafin alƙalami, da aka je tsakiya sai ya ce rabin gem ɗin yake so ko ya ajiye. Ya kuwa ajiye. To da hannuna zan koya. Kuma ina faɗa a gaban kowa: mai zane zai koyi kodin cikin wata shida, amma mai kodin ko zai shekara goma ba zai zana dunƙulen hannun ɗan dambe ba. Zane baiwa ne, kodin leburanci ne. Wanda ya san inda zan fara ya nuna mini, laftof ɗina RAM 4 ne.

Injiniyan Zariya: Wa alaikumus salam. Leburanci? Ka shigo gidanmu neman hanya kana zaginmu? To ka ɗauki tirela ka fara dakon, ai ba ya buƙatar malami.

Baban Khalifa: Ni ba ruwana da kodin ɗinku. Amma mahaifina dako ya yi a kasuwar hatsi har ya aurar da mu duka. Me lebura ya yi muku da ku biyun kuka mai da sunansa zagi?

Injiniyan Zariya: Allah ya ba ka haƙuri Baba, ba ni na kawo kalmar ba.

Baban Khalifa: Ba kai ka kawo ba, amma kai ka fi jin zafinta. Wannan ma raini ne.

Mai Fensir: Baba ba haka nake nufi ba. Nufina aiki ne na maimaici, kowa ya dage zai iya. Ku duba gem ɗin Hollow Knight da ya fito a 2017. 'Yan tsiraru ne a Ostareliya suka yi shi, ɗayansu mai zanen katun ne, kuma yawancin halayen abokan gaba da manhajar PlayMaker suka haɗa, jan akwati ka jona da akwati maimakon rubuta kodin. Wa ke sayen gem ɗin don kodin ɗinsa?

Injiniyan Zariya: Ka manta ka ce akwai mai kodin a cikinsu. Kuma shi PlayMaker ɗin aljanu ne suka rubuta shi? Tunda misali kake so, ga Stardew Valley na 2016. Eric Barone ilimin kwamfuta ya karanta a jami'a, ya zauna shi kaɗai sama da shekara huɗu, ya rubuta da yaren kodin na C#, ya koya wa kansa zanen, ya yi kiɗan. Ina shekara gomanka?

Mai Fensir: Wannan ɗige-ɗigen piksel ɗin ne zane? Haba Injiniya.

Ummi Piksel: Innalillahi. Malam Mai Fensir, ka gama da masu kodin da leburori, yanzu ka iso kanmu? Zo ka fitar da fuskar mutum mai fushi a cikin ɗigo 16 sau 16 mu gani.

Mai Fensir: Ƙanwata ban san kina nan ba.

Ummi Piksel: Ina nan, kuma duk da haka zan amsa tambayarka tunda maza sun tsaya faɗa. Ni ma daga zane na shigo. Abin da zai ba ka wuya ba haddar kalmomin yaren ba ne, koyon yanka tunani gunduwa-gunduwa ne. Gem yana zagaye kusan sau 60 a daƙiƙa ɗaya, kowane zagaye yana tambaya: an danna maɓalli? ɗan damben a wane hali yake? Kai ka rubuta halayen a takarda tukuna: tsayuwa, matsowa, kai naushi, shan naushi, faɗuwa. Sai ka ja layi, daga wane hali ake shiga wane. Wanda ke tsakiyar shan naushi ba zai kai naushi ba, wanda ya faɗi ba zai matso ba. Shi naushin kansa wani akwati ne da ba a gani, manne a dunƙulen hannu, ana kunna shi a firam biyu ko uku kacal, wato hotuna biyu ko uku cikin jerin zanen motsin, lokacin da hannun ya miƙe. Idan ya taɓa akwatin jikin abokin karawa, a rage masa ƙarfi. Kai da ka zana firam ɗin ka fi kowa sanin wanne ne. Nan ne kawai ka fi mai kodin, ba a ko'ina ba. Amma kada ka fara da damben. Fara da murabba'i ɗaya da ke tafiya hagu da dama, ya yi tsalle, ya daki wani murabba'in. Ka ɓoye zanenka mai kyau, domin muddin yana kan allo gyaran inuwa za ka tsaya yi, kodin ɗin yana kwance.

Admin: Madalla Ummi. Kuma da RAM 4 ba shi da zaɓi sai Godot a cikin manhajojin haɗa gem. Kyauta ne, lasisin MIT, ba mai karɓar kaso a hannunka. Mutum biyu 'yan Ajantina suka fara shi, Juan Linietsky da Ariel Manzur, aka sake shi ga kowa a 2014. Yarensa GDScript ya yi kama da Python, saukewarsa ba ta cin data sosai, har a wayar Android editansa yana buɗewa.

Sarkin Unity: An fara wa'azin. Admin, in yaron nan aiki zai nema gobe, wa ke ɗaukar mai GDScript? C# ko banki ka je da shi za ka ci abinci. Horon GameUp Africa da kamfanin Maliyo na Legas ya fara a 2021, da Unity ake koyarwa, manhajar haɗa gem mai aiki da C#.

Admin: Unity ɗin da suka tashi a Satumbar 2023 suka ce za su riƙa cajin kuɗi a kan kowace saukewa? Har shugabansu John Riccitiello ya sauka wata guda bayan nan?

Sarkin Unity: Sun soke shi a Satumbar 2024, ka sani sarai. Kuma tun farko sai gem ya kawo dala 200,000 kafin cajin ya hau kansa. Duk zauren nan wa ya taɓa samun dala 200 a gem?

Admin: Kamfanin da ya yi sau ɗaya zai kuma.

Ɗan Autan Zaure: Ku duka kun tsufa. Manhajar Unreal tana da Blueprint, akwatuna kake jonawa, ba ka rubuta ko layi ɗaya. Ko ya sa AI ta rubuta masa.

Injiniyan Zariya: Unreal 5 a kan RAM 4? Kana so laftof ɗin bawan Allah ya kama da wuta? In dai gudun rubutu ne ai ga GDevelop, mara nauyi. Kuma Blueprint kodin ne, igiya kawai aka sa masa. Wanda bai gane "idan kaza, to kaza" ba, ko a akwati ko a rubuce ba zai gane ba. AI kuwa za ta ba shi layi ɗari, ranar da ɗan dambensa ya nutse cikin ƙasa bai san layin da zai duba ba.

Na Guramada: Ni tambayata ɗaya. 'Yan damben nan biyu, 'yan wane ɓangare ne? In Kudu da Arewa ka zana ka bar Guramada, kada ma ka wahalar da kanka da koyon komai.

Mai Fensir: Kudu da Arewa ne.

Na Guramada: Shi ya sa mai kodin ɗin ya gudu.

Ɗan Maraɗi: Ku bar dambe ku yi na kokowa, ku sa gasar takobi. Duk Nijar za ta sauke.

Baban Khalifa: Har yanzu ba wanda ya ba leburori haƙuri.

Sarkin Unity: Kuma ba wanda ya gaya masa cewa asusun Google Play dala 25 ne, kuma sabon asusu na ƙashin kai sai mutum 12 sun gwada gem ɗin kwana 14 kafin a bari ya fita. Mai Fensir, da bakin nan naka ina za ka samo mutum 12?

Mai Fensir: Ina nan a kan bakana. Wata shida. Ku rubuta ku ajiye.

Admin: To jama'a dare ya yi, ga taƙaitawa. Zaure ya haɗu a kan cewa kodin ilimi ne mai zurfi, kuma ɗan uwanmu Mai Fensir ya fahimci hakan, ko da bai furta ba. An kuma tabbatar da hujjoji cewa Godot ne ya dace da mai zane, ba a kawo wata gamsasshiyar hujja a kan sauran ba. Bayanin Ummi ma in kun lura tsarin Godot ne ta zayyana. Maganar Guramada da kokowa ba muhallinsu ba ne, Baba kuma muna ba shi haƙuri a madadin wanda ya yi furucin. Na rufe sharhi. Masu son ajin Godot na ranar Asabar su same ni ta akwatin saƙo, kujeru sun kusa cika.